Kafin Alhaji ya sa hannu: yadda sashen kwamfuta zai riƙa dawo da kuɗin da aka zuba masa

Watana huɗu da zama shugaban sashen kwamfuta a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, na shiga taron daraktoci rungume da takarda mai shafi talatin da 'yan kai. Sati biyu na yi ina tsara ta. Akwai sabuwar saba a ciki, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan kamfani, da lasisin manhajoji, da kayan tsaro, da zane-zane masu launi, kibiyoyi duk suna kallon sama. Na yi bayani kusan rabin awa ba wanda ya katse ni, har na fara jin daɗi a raina.

Mai kamfanin dattijo ne, da tebur ɗaya ya fara a kasuwar Singa tun ban san dama da hagu ba. Ya zare tabarau ya ɗora a kan takardar.

"Injiniya, na ji. Idan na ba ka wannan kuɗin, ta wace ƙofa zai dawo mini?"

"Ranka ya daɗe, zai inganta aiki."

"Aikin wa?"

Na yi shiru. Akanta ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi. Aka ce in je in sake dubawa, wanda duk mai halartar irin wannan taro ya san ma'anarsa a'a.

Na fita ina cewa a zuci mutumin nan bai san zamani ba. Sai da aka kwana biyu na yarda cewa ni ne ban san kasuwanci ba. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne yadda na koyi amsa waccan tambayar. Na rubuta ne don wanda aka ɗora wa kula da fasaha a kamfani, ko asibiti, ko makaranta mai rassa, kuma yana jin ana kallon sashensa kamar rijiyar da ake ta zuba kuɗi ba ta cika.

Bar ofis, ka bi buhu ɗaya

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai kuwa ba mai ɗaki ba ne. Masu ɗakin su ne magatakardan sito, da kashiya, da direba, da yarinyar da ke amsa wayar diloli. Kafin ka rubuta layi ɗaya na tsari, ware sati biyu ka bi kaya ɗaya tun saukarsa daga tirela har kuɗinsa ya zauna a asusun kamfani. Da ƙafa nake nufi.

Ni da sitonmu na Sharada na fara. Magatakardan yana zaune a benci bakin ƙofa da dogon littafi mai baƙin bango, an ɗaure biro a jikinsa da zare don kada ya yi ƙafa. Duk lodi sai ya rubuta takarda kwafi uku da kabon: fara ta direba, ruwan ɗorawa ta mai gadi, shuɗiya ta ofis. Da yamma wani yaro ya kwashe shuɗayen a leda ya kai ofis, washegari wata ma'aikaciya ta shigar da su Excel. Wato duk lissafin kayan da manaja ke gani a kwamfuta na jiya ne, wani lokacin na shekaranjiya. Idan dila ya kira yana neman sukari buhu ɗari biyu, ba mai duba kwamfuta. Magatakarda ake kira, shi kuma ya leƙa ciki ya ƙiyasta da ido.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa a bakin get na gan shi. An gama loda mota tun hantsi, an ɗaure tamfol, direba yana kwance a ƙarƙashinta yana sauraron rediyo har bayan azahar. Na tambaye shi me yake jira. Ya ce, "Yallaɓai, alat." Dila ya ce ya tura kuɗi, ya turo hoton rasit ta WhatsApp, amma an taɓa damfarar kamfanin da rasit na bogi, saboda haka doka ita ce mota ba ta fita sai akanta da kansa ya ga kuɗin a asusu. Akanta kuwa yana banki, ko yana taro, ko sabis ya ƙi. Motar da ya kamata ta yi sawu biyu a rana, ɗaya take yi. A takardata mai shafi talatin babu kalma ɗaya a kan wannan.

Tambayoyi uku nake yi wa duk wanda na zauna da shi, har yau ban canza su ba. Me kake rubutawa sau biyu? Me kake zaman jira? Wa kake kira a waya don ya gaya maka abin da ya kamata ka gani da idonka? Kada ka tambaye su wace manhaja suke so. Za su faɗi wadda suka gani a wurin aikin ɗan'uwansu, ko su ce a canza musu laftof.

Mayar da abin da ka gani lamba

Ƙofofin da kuɗi ke dawowa ta cikinsu ba su da yawa. Ko ciniki ya ƙaru, ko kashewa ta ragu, ko jarin da ya maƙale ya saku, ko a kauce wa asarar da ke tafe. Duk aikin da ka kasa shigar da shi ta ɗaya daga cikin huɗun nan, ajiye shi tukuna.

Ta ukun ce mu 'yan kwamfuta muka fi mantawa, alhali ita ɗan kasuwa ya fi ji a jikinsa. Bari in yi misali da lambobin ƙiyasi. A ce kamfani yana ba diloli kayan naira miliyan 30 bashi kowace rana, suna biya bayan kwana 21. Kullum ke nan akwai miliyan 630 a waje. Sai ka samar da hanyar da kowane dila zai riƙa samun saƙo a wayarsa na abin da ake binsa da ranar biya, manajan tallace-tallace kuma yana ganin wanda ya wuce wa'adi kafin ya ƙara masa kaya. Idan kwanakin suka sauko 16, miliyan 150 ta dawo gida ba a sayar da ƙarin katan ko ɗaya ba. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba da rance. Ko da wancan ma'aunin ka yi lissafi, riƙe miliyan 150 a waje yana cin sama da miliyan 41 a shekara. Idan mai kamfaninka ba ya taɓa bashin ruwa, kamar namu, gaya masa tirela nawa ta shinkafa kuɗin zai ɗauko, kuma sau nawa zai juya kafin shekara ta zagayo. Nan za ka ga ya gyara zama.

Auna kafin ka taɓa komai. Ni yaro na tsayar a get da agogo da takarda, sati biyu yana rubuta lokacin gama lodi da lokacin fitar mota. Idan ba ka da lambar jiya ba wanda zai yarda da lambar gobe, kuma da gaskiyarsu.

Sannan ka sani lambar ba taka ba ce. Kwanakin bashi na manajan tallace-tallace ne, jiran mota na manajan sito ne. Shi zai sa hannu cewa ya yarda da inda ake da inda za a je, akanta ya zama shaida, kuma shi zai miƙe ya nemi kuɗin a taro kana zaune gefensa. Idan ya ƙi, ya taimake ka, don ya nuna maka tun da wuri cewa ko an kawo manhajar ba zai yi aiki da ita ba.

Ka yi hattara da lissafin nan da masu tallar manhaja ke so: wai za a rage wa ma'aikata awa kaza, a ninka da albashi, a ce riba ce. Awa ba ta shiga asusu. Sai fa idan an fasa ɗaukar sabon ma'aikaci, ko an daina biyan kuɗin ƙarin lokaci, ko mutumin ya koma wani aikin da ke kawo kuɗi. In ba haka ba, lokacin hira kawai ka ƙara masa.

Taura biyu ba ta taunuwa

Za ka dawo daga zagayen da matsaloli ashirin. Ɗauki babba ɗaya tak na shekarar, ka haɗa da ƙanana biyu da za a gama cikin wata uku. Ƙananan ne za su sa a yarda da kai ranar da ka zo da babban. Namu na farko alat ɗin nan ne. Muka buɗe wa kowane dila lambar asusu tasa ta musamman, irin wadda bankuna da kamfanonin biyan kuɗi ke bayarwa, duk kuɗin da ya shigo ta lambar an san nasa ne, saƙo kuma ya tafi kai tsaye wayar manajan sito. Ba mu sayi saba ba, ba mu gina ɗaki ba. Direba ya daina kwanciya ƙarƙashin mota.

Kuɗin babban aikin kuma, kafin ka roƙa, duba abin da kake kashewa don kawai fitila ta ci gaba da ci. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 kafin ƙarshen Fabrairun 2024, duk lasisin da ake biya da dala ya ninka sau uku ba a ƙara maka ko maɓalli ɗaya ba. A Afrilun 2024 aka kai wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit daga kusan 68. Lokacin ne na zauna na ƙirga lasisinmu ɗaya bayan ɗaya, abin da ya kamata in yi tun tuni. Na tarar muna biya wa mutanen da suka bar aiki, muna biya wa direbobi cikakken lasisin ofis alhali WhatsApp kaɗai suke buɗewa. Laifin nawa ne, na faɗa a taro, abin da aka rage kuma na nemi a bar mini shi a kan babban aikinmu, na mayar da lissafin sito kan manhaja.

Ana yawan tambayata ko a ajiye saba a gida ko a yi haya a intanet, abin da ake kira gajimare. Wannan ba aƙida ba ce, lissafi ne. A gefe ɗaya rubuta kuɗin man janareta, da na'urar sanyaya ɗaki, da baturan inbata da za ka canza bayan 'yan shekaru, da albashin mai kula. A ɗaya gefen rubuta dala, ka ƙara mata tashin da za ta iya yi, da tambayar me zai faru ranar da sabis ya ɗauke. Kowane aiki ka yi masa nasa lissafin. Wani zai faɗa nan, wani can.

Share ɗaki kafin a yi jere

Kamfanin kantuna na Jamus, Lidl, ya fara mayar da lissafin kayansa kan manhajar SAP a 2011. A 2018 ya watsar da aikin ya koma tsohon tsarinsa, bayan an ƙiyasta ya kashe kusan yuro miliyan 500. Dalilin da aka fi ambata ƙarami ne a ido: Lidl da farashin sari yake ƙima kayan da ke rumbunsa, manhajar kuwa a kan farashin sayarwa aka gina ta. Maimakon kamfanin ya canza al'ada, sai aka yi ta lanƙwasa manhajar, tana ƙara nauyi da tsada, har abin ya gagara.

Za ka haɗu da irin wannan a satin farko. Kowane manaja zai ce mu ba haka muke yi ba, a gyara manhajar ta bi mu. Tambaya ɗaya nake yi: wannan al'adar ce ke sa dila ya tsallake maƙwabcinmu ya zo wurinmu? Idan ita ce, a lanƙwasa manhajar, kuɗin ya halatta. Idan kuwa gado kawai aka yi daga wani manaja da ya yi ritaya, al'adar ce za ta tafi.

Aikin da ba wanda ke so shi ne share bayanai, kuma shi ke kashe ayyuka a ɓoye. A littattafanmu taliya ɗaya tana da suna uku. Wani sito da katan yake ƙirga ta, wani da dozin. Dila ɗaya yana da shafi da sunansa, da shafi da sunan shagonsa, da wani da sunan yaronsa da ke zuwa ɗaukar kaya, kowane shafi da bashinsa, ba wanda ya taɓa haɗa jimillar. Wata biyu muka yi ni da akanta da magatakarda muna zama bayan la'asar muna ba kowane kaya lamba ɗaya, kowane dila lamba ɗaya. Ba a yi wa wannan aikin walima ba. Amma tun kafin a kunna manhaja, ranar da aka haɗa shafukan nan aka ga ainihin abin da ake bin wasu, Alhaji da kansa ya ɗauki waya.

Wane wata za ka kunna?

A 1999 kamfanin cakulan na Amurka, Hershey, ya kunna sabon tsarin kwamfutarsa a tsakiyar shekara, daidai lokacin da kantuna ke aiko odar bikin Halowin, wanda shi ne babban cinikin alewa a can. Tsarin ya rikice. Kaya na cikin rumbu amma an kasa fitar da su, odar kusan dala miliyan 100 ba ta isa hannun masu ita ba.

Namu Halowin ɗin azumi ne da Sallah. Ga mai hatsi a Dawanau, kaka ce. Ga makaranta, satin komawa. Duba kalandar ciniki kafin ta ɗan kwangila, don shi so yake ya gama ya karɓi kuɗinsa. Fara da sito ɗaya, kuma kada ya zama mafi girma. Bar littafi da manhaja su tafi tare wata ɗaya, ana kwatanta su kowace yamma. Amma tun ranar farko ka sanar da ranar da za a rufe littafin, in ba haka ba bayan shekara uku za ka tarar ana aiki biyu, littafin ne kuma ake yarda da shi.

Wayar Alhaji

Magatakardanmu bai so abin ba da farko, kuma na fahimce shi. Shekara da shekaru shi kaɗai ya san abin da ke cikin siton, darajarsa ke nan, ga wani yaro da laftof ya zo zai baza ta a allo kowa ya gani. Shi na fara koya wa, ni da shi kaɗai, don kada ya yi kuskure a gaban yaransa. Da Hausa muka yi, a kan waya, da ainihin lodin ranar. Daga baya shi ya koya wa na sauran rassa, kuma ya fi ni iyawa, don ya san inda za su yi tuntuɓe. Akwai kuma wanda duhun yake yi wa amfani. Shi ba zai ce ba ya so ba, kullum dai cajinsa ya ƙare ko sabis babu. Wannan ba matsalar kwamfuta ba ce, ka miƙa wa manajansa.

Babban mai karya tsari kuwa, a gaskiya, mai kamfanin ne. Manhaja ta ce dila wane ya cika iyakar bashinsa, ta kulle. Dila ya kira Alhaji, sun yi shekara talatin tare, tare suka yi aikin Hajji. Alhaji ya kira sito: "A ba shi tirela ɗaya, za mu daidaita." Wane magatakarda ne zai ce manhaja ta hana? Kaya su fita ba a rubuce ba, ƙarshen wata lissafi ya ƙi haɗuwa, a ce manhajar Injiniya ba ta aiki.

Na fara da ƙoƙarin hanawa, na sha ƙasa. Kasuwancinmu a kan amana da sanayya aka gina shi, kuma sau da yawa Alhaji ya fi manhajar sanin wanda zai biya. Sai na buɗe wa abin ƙofa a cikin tsarin. Na sa maɓalli mai suna "Umarnin Shugaba". Magatakarda ya danna, kaya su fita a rubuce, saƙo ya je wayar Alhaji ya tabbatar da cewa shi ne, ƙarshen wata kuma a kawo masa jerin duk umarnin da ya bayar da waɗanda aka biya da waɗanda ba a biya ba. Ban ce masa komai a kai ba. Watan farko jerin ya cika shafi. Ya daɗe yana kallonsa. Bayan nan da kansa ya fara ce wa wasu su je su ga manaja.

Ranar da komai ya tsaya

Ƙofa ta huɗu, wato kauce wa asara, ita ce mafi wuyar sayarwa, don kana neman kuɗi ne a kan abin da bai faru ba. Abin da ke taimako shi ne ya faru da wasu, kuma kusa.

A Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, duk mai reshe a Gusau ya wayi gari ba kira ba intanet. A farkon 2023, bayan sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace, kowa ya koma tiransifa, manhajojin bankuna da dama suka riƙa gazawa saboda cunkoso. A lokacin ne irin su OPay da Moniepoint da PalmPay suka kwashi jama'a, don nasu yana tafiya. Mai hanyar karɓar kuɗi ɗaya ya zauna da kaya, mai biyu ya yi ciniki. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, aiki ya tsaya a wurare da yawa. Ranar 19 ga Yulin shekarar kuma wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5, har jirage suka kasa tashi.

Wanda na fi ba daraktoci labari shi ne na Maersk, kamfanin jiragen ruwa na Denmak. A Yunin 2017 muguwar manhajar NotPetya ta shafe kwamfutocinsa a faɗin duniya cikin ɗan lokaci. Sai da suka sake ɗora saba 4,000 da kwamfuta 45,000, asarar ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Sabobin da ke riƙe da sunaye da izinin shigar ma'aikata duk sun tafi tare, don kowace kwafin 'yar'uwarta ce kuma duk a haɗe suke. Guda ɗaya ta tsira, a ofishinsu na Gana, saboda an ɗauke wuta kafin harin ta fita daga layi. Ɗauke wuta ne ya ceci katafaren kamfani irin wannan. Idan na kawo nan daraktoci sukan yi dariya, sai in tambaye su ko sa'ar da muke so mu dogara da ita ke nan.

Ga yadda za ka sa wa abin farashi. Raba cinikin rana da awannin aiki, ka samu abin da awa ɗaya ta tsayawa ke ci. Tambayi manajoji awa nawa za su iya jurewa kafin dila ya tafi wurin wani. Da wannan za ka nemi layin intanet na biyu daga kamfani daban, da banki na biyu, da manhajar sito mai iya aiki ba sabis ta tura daga baya, da kwafin bayanai guda da ba ya haɗe da komai. Ba a fafe gora ranar tafiya: duk wata uku ka ɗauko kwafin nan ka gwada dawo da shi a wata kwamfuta, ka riƙe agogo. Karon farko da na gwada namu, rabin fayilolin ba su buɗe ba.

Akwai kuma doka. Tun Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da hukumar da ke kula da ita. Idan bayanan kwastomomi suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su, awa 72 gare ka ka sanar da hukumar, tarar manyan masu riƙe bayanai kuma tana iya kaiwa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara. Wannan lambar ma daraktoci suna ganewa.

Ɗan kwangila

A taƙaice zan bi ta nan. Kada ka biya fiye da kashi ɗaya cikin uku kafin aiki, kuma ka riƙe kaso na ƙarshe sai an yi wata guda ana aiki da tsarin a sito na gaske. A rubuta cewa bayanan naku ne, za ku iya kwashe su a fayil da kowace manhaja za ta iya buɗewa duk ranar da kuka so. Babbar kalmar sirri ta zauna a hannun kamfani, a ambulan a cikin sef, kada ta tsaya a kan ɗan kwangila ko a kanka kai kaɗai. Kuma ka nemi ya haɗa ka da wani kwastomansa mai irin sana'arku, ka je da kanka ba tare da shi ba, ka zauna da magatakardansu.

Shafi ɗaya duk wata

Takardata ta yanzu shafi ɗaya ce. Kowane aiki layi ɗaya: sunansa da Hausar da mai gadi zai gane, sunan manajan da ke da lambar, inda aka fara, inda ake yau, inda aka yi alkawari, da abin da aka kashe. Akanta yana sa hannu a ƙasa kafin in shiga da ita. Babu maganar saba nawa ke aiki ko ƙorafi nawa muka amsa, waɗannan na cikin sashe ne. Duk sabon abin da ake yayi ta wannan shafin zai bi. Da wani darakta ya dawo daga taro a Legas yana cewa dole mu shiga harkar ƙirƙirarriyar basira, ban yi musu ba, na miƙa masa shafin na ce ya nuna mini layin da za ta motsa da manajan da zai sa hannu.

Layin da bai yi ba, kai za ka fara faɗa. Mun taɓa gina manhajar waya don diloli su riƙa yin oda da kansu. Ni na kawo shawarar, na kuma ji daɗinta ƙwarai. Wata shida, waɗanda suka yi amfani da ita ba su cika yatsun hannu biyu ba. Dila so yake ya aiko saƙon murya, ya gaisa, ya tambayi iyali, ya nemi ragi, sannan ya faɗi buhu nawa. Na ja wa layin jan biro, na rubuta a gefe da hannuna cewa a rufe.

Alhaji ya sa tabarau ya bi shafin da yatsa daga sama. Ya tsaya a layin jiran mota, ya gyaɗa kai. Ya tsaya a kwanakin bashi, ya kalli akanta, akanta ya ce haka ne. Da ya iso jan layin sai ya ɗago.

"Nawa muka zuba a wannan?"

Na faɗa masa.

"To, a rufe. Siton Gusau fa, yaushe za a sa masa irin na Sharada?"

"Bayan Sallah, ranka ya daɗe."